Kuros a Ƙasan Randar Shinkafa

A shekarar da aka kulle gari saboda korona, na ɗauke wa wani tsoho abin da ya fi ƙauna a duniya, na kai wa malami ya ƙona. Na zaci asiri ne.

Tsohon maigidana ne. A Brickfields yake zaune, unguwar Indiyawa da ke jikin babbar tashar jirgin ƙasa ta Kuala Lumpur, a hawa na huɗu na wani tsohon bene. Akawu ne a wajen aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu. 'Yarsa ɗaya ce, tana aure a Ostareliya, ita ta ɗauke ni aiki wani zuwa da ta yi. Aikina in yi masa wanka, in dafa, in ba shi magani, in ɗaga shi, in kwantar. Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Bakinsa kuwa lafiya lau.

Mutanensa 'yan Melaka ne, wani tsohon gari a bakin teku. Jikokin Turawan Fotugal ne da suka auri matan ƙasar tun zamanin da. Kirista ne, ɗan Katolika. Ina kiransa Ankul, yadda ake kiran kowane dattijo a can. Shi kuma Ustaz yake ce min, don tsokana, saboda ya ga ba na wasa da salla. Ya san ban yi karatu ba. Boko ban taka ba, allo kuma iyakar abin da zan yi salla da shi. Da guntun Malayanci da guntun Turanci muke magana, sauran da hannu.

Ban so aikin ba da farko, kuma ina da dalili. A garin da na yi kasuwanci a gida an yi rikicin addini. An ƙone rumfata, ƙanena yana ciki. Ni na fita ta baya da wannan tabon a wuya. Waɗanda suka zo suna rera waƙar coci. Washegari namu suka shiga unguwarsu da kabbara, suka yi irin abin da aka yi mana. Ban bi su ba don ina kwance a asibiti. Da ina tsaye da na je. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan. Amma yunwa ta kai ni gidan tsohon, na zauna shekara biyu, kuma bai taɓa cutar da ni ba. Ya daina sayen naman alade ranar da na shiga gidan, ban roƙe shi ba.

A kicin akwai wata randa ta ƙasa, babba, ta kai min cinya, da murfin katako. Shinkafa ake zubawa. Doka ɗaya gare ta: kada ta yi ƙasa da rabi. Duk Asabar sai ya tambaya.

"Ustaz, randa fa?"

"Cike take, Ankul."

"Cike irin taka ko cike irin tawa?"

Na ɗauka tsoron yunwa ne na tsofaffin da suka ga yaƙi suna yara. Ban taɓa tambaya ba.

Sai aka kulle gari. Na ga abubuwa a rayuwata, amma ban taɓa ganin birni ya yi shiru haka ba. Titin da ba ka iya tsallakewa da rana, sai tsuntsaye ke yawo a kai. Jirgin nan mai bin gada a sama yana wucewa ta gaban tagarmu babu kowa a ciki. Gidajen bautar Indiyawa sun daina kaɗa ƙararrawa. Coci a rufe, Ankul a waya yake kallon fada, limaminsu, yana addu'a gaban kujerun da ba kowa. Ranar da na fara jin ladan ya ce kowa ya yi salla a gidansa, sai da na zauna a ƙasa. Ban san akwai irin wannan kiran salla ba. Abin da ido ba ya gani ya rufe masallaci da coci rana ɗaya, bai tambayi kowa ba.

Mai kantin da ke kawo mana buhun shinkafa har sama ya rufe. Na koma sayen ƙananan ledoji, in an samu. Randa ta fara sauka. Asabar ta zo na ce cike take. Wata Asabar ta zo na sake faɗa. Ba ya iya zuwa kicin ya duba.

A wannan lokacin ne jikinsa ya fara lalacewa. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gajarce, abinci cokali uku ya ture. Likita ta waya ya ce zuciya ce, a ƙara magani. An ƙara, bai yi sauƙi ba.

Wata safiya na zura gwangwanin awo a randa, ya daki wani abu. Na sa hannu na tono. Ƙunshi ne, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Tsumma a kan tsumma, ya yi baƙi don tsufa, an naɗe shi da jan zare, an ƙulla, an sake ƙullawa. Na ajiye shi a ƙasa na ja da baya.

A wurinmu, abin da aka naɗe da zare aka binne a cikin abincin mutum suna ɗaya gare shi. Ga mutum yana ƙarewa a kwance, magani ya ƙi ci. Ga kuma wata mai aiki da ta riga ni a gidan, wadda na ji an rabu da ita da faɗa. Na haɗa wannan da wancan, lissafi ya fito min sarai. Ban buɗe ba, don ba a buɗe irin wannan da ka. Ban gaya masa ba, don kada tsoro ya ƙarasa shi. Na yi bisimilla, na ɗauka da leda biyu. Har ga Allah ceto nake yi.

A lokacin an yarda mutum ɗaya daga kowane gida ya fita cefane. A Chow Kit nake sayen nama, kasuwar da baƙi suka fi yawa. A can wani malami Bakano yake, wanda ya zo karatun digiri na uku da iyalinsa, a hawa na uku saman wani shagon yadi. Shi ke ja mana salla in an haɗu, shi ke raɗa sunan 'ya'yanmu. Ba ya duba, ba ya tsibbu, amma in abu ya ɗaure wa mutum kai wajensa ake zuwa. Ya tare ni a bakin ƙofa da takunkumi a fuska, bai ba ni hannu ba. Na yi masa bayani.

"Ajiye nan a kan takalma, babban yaya," in ji shi. "Duk abin da ya shigo gidan nan sai ya kwana uku kafin a taɓa, dokar matata Hajiya ce. In ya cika kwanakinsa zan yi addu'a in ƙona."

Na koma gida da nama, zuciyata wasai. Ina jiran tsoho ya miƙe.

Bai miƙe ba. Kwana biyar bayan nan leɓensa ya fara yin shuɗi. 'Yar ta yi ta waya daga can har ta samo masa gado a wani asibiti. Aka ce motar asibiti za ta zo ƙarfe huɗu na yamma. Aka kuma ce babu mai rakiya, babu mai ziyara. Wanda ya shiga shi kaɗai ne, ko ya fito ko a fito da shi. Fada ma ba zai samu zuwa ya yi masa addu'ar da suke yi wa mai shirin tafiya ba.

Da hantsi na gama yi masa wanka, na haɗa masa 'yar jaka. Ya kama hannuna.

"Ustaz, je ka randa. Zura hannu har ƙasa. Akwai abu a naɗe. Kawo min."

Na tsaya kamar an dasa ni.

Ya dube ni, ya ɗauka ƙyama ce ta hana ni motsi. "Ba zai cije ka ba. Kuros ne, gicciye ɗan ƙarami. Zauna in gaya maka, in ya so ka ɗauko da cokali."

Na zauna a bakin gado. Ya yi maganar da hutu, yana jan numfashi tsakanin kalmomi. Ga abin da ya ce, yadda na riƙe.

Ya ce kakanninsa na wajen uba da jirgin ruwa suka zo Melaka, igwa a gaba, fada a baya, jirgi ɗaya. A lokacin garin na Musulmi ne, da sarkinsa da babban masallacinsa. Suka ci garin. Suka rushe masallacin, suka tone duwatsun kaburburan sarakuna, da su suka gina ganuwa. Suka kafa coci a kan tudu inda kowa zai gani daga teku. Sarkinsu na can Turai da shugaban coci bakinsu ɗaya: sarki ya ba da soja, coci ya sa albarka.

"Mutanena ne suka yi," in ji shi. "Ba na ɓoye maka. Kuma akwai wata kotun coci a wani garinsu a Indiya. In an ce ka shiga addinin da baki amma kana bin naka a ɓoye, can za a aika ka. Wasu an ƙone su da ransu. Fada ba ya kunna wutar da hannunsa. Shi zai ce mai laifi ne, ya miƙa wa gwamna, gwamna ya kunna. Kowa ya koma gida hannunsa a wanke."

Wannan ɓangaren bai ba ni mamaki ba.

Ya ce aka daɗe a haka, har aka haifi jikoki da tattaɓa-kunne, suka zama 'yan ƙasa, masunta. Sai wasu Turawan suka zo, mutanen Holand. Suka yi wa garin ƙawanya har yunwa ta buɗe musu ƙofa.

"Su ma Kiristoci ne, Ustaz. Littafinmu ɗaya. Amma cocinsu daban, kuma yanzu igwa tana hannun nasu cocin. Suka kori limaman cocinmu. Suka hana mu taruwa. Cocin kan tudu suka karɓe, daga baya suka mai da shi wajen binne manyansu. In an kama ka da irin abin da ke randar nan, ka shiga uku."

Na ce, "Kirista ya hana Kirista?"

"Ya hana, ya kuma yi ta da wa'azi. Waɗanda jiya suke rushe wa mutane wurin ibada, jikokinsu suka koma salla a daji, tsallaken kogi, wani yana kan bishiya yana gadi. Fada sai ya shigo a jirgin 'yan kasuwa da kayan fatake, ya yi wa yara wankan shiga addini a cikin bukka, ya gudu kafin a farga."

Ya yi tari mai tsawo. Na ba shi ruwa.

Ya ce wata kakarsa, bai san ta nawa ba, ita ta fara sa kuros ɗin a randa. Masu bincike suna ɗaga katifa, suna fasa akwati, suna tona ƙasan murhu, amma ba wanda ya taɓa zubar da shinkafar talaka ya duba ƙasa. Daga baya aka sassauta dokar, aka bar su suka gina coci, wasu Turawan ma suka zo suka kori na Holand ɗin. Amma gidansu ba su fitar da shi ba. Uwa ta nuna wa 'ya, uba ya nuna wa ɗa. Ba a ciro shi sai mutum zai mutu. A ba shi ya riƙe, a mayar, a cika shinkafa.

"Me ya sa ba ku rataye shi a bango ba, tunda an daina kamawa?"

"Uwata ta ce kujera juyawa take yi. Ta ce mu mun hau mun ga abin da muka yi, an hau kanmu mun ga abin da aka yi mana. A bar shi inda yake." Ya saki hannuna. "To, tashi. Na riƙe wa ubana, na riƙe wa matata. Yau nawa ne."

Na taɓa tsayawa gaban mutane da adduna. Wannan ya fi wuya. Na ce, "Ankul, ba ya nan."

Na gaya masa duka, da ƙaryar Asabar, da leda biyu, da malami.

Ya rufe ido. Na ɗauka tafiyar ke nan, ni na kashe shi. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, ba sauti, hawaye na bin kunnensa.

"Mutanen Holand da bindiga sun neme shi ba su samu ba," in ji shi. "Sojan Japan sun shiga gidanmu ba su samu ba. Sai kai, da gwangwanin madara."

Dariyar ta tsaya. Ya buɗe ido.

"Ya ƙona?"

"Ban sani ba."

Bai zage ni ba. Ya juya fuska bango. Da ya zage ni da ya fi min.

Na kira malam, waya a kashe. Na sake kira, a kashe. Agogo ya ce sha ɗaya da rabi. Na jingina tsohon da matasai, na ajiye masa ruwa da waya kusa da hannu, na roƙi matar maƙwabcinmu ta riƙa leƙowa daga bakin ƙofa. Na fita.

Takardun zamana a ƙasar sun daɗe da mutuwa, kuma a kwanakin ana tsayar da mutane a tashoshi ana dubawa. Don haka ban hau komai ba. Na bi bakin kogi da ƙafa, na bi lunguna. Na wuce tsohon masallacin nan da ke inda koguna biyu suka haɗu, ƙofarsa a garƙame, tattabaru sun cika harabar. Dogayen benaye na gilashi tsaye a rana, babu mutum ko ɗaya a gindinsu.

Ina tafiya maganar tsohon tana juya min. Ni a sanina Kirista abu ɗaya ne, dunƙule, mai waƙa da galan ɗin fetur. Ban taɓa jin cewa sun ɓuya a daji saboda 'yan'uwansu ba. Na tuna unguwar da namu suka shiga washegarin ranar nan. Ban taɓa tambayar wa ke cikin ɗakunan ba, ko me suka tura ƙarƙashin gado da suka ji kabbara tana matsowa. Shekara da shekaru ban tambaya ba, sai ranar, a bakin kogin wata ƙasa.

Da na isa Chow Kit na tarar da abin da ban sani ba. An samu masu cutar a layin su malam, an zagaye benayen da waya mai ƙaya, naɗi-naɗi, ta kai ƙirji. Ba shiga ba fita. Sojoji a ƙarƙashin rumfar tamfol a bakin layi. Na zagaya ta baya inda kwata take. Wayar ta bi ta nan ma, dab da bango, amma tagogin baya suna kallon lungun.

Na ɗaga kai na kwaɗa sallama. Na sake. Tagogi suka fara buɗewa, kawuna suka fito, 'yan Indonesiya, 'yan Bangladesh, kowa ya gaji da zaman ɗaki yana neman abin kallo. Can sai ga malam da singileti.

"Wa ke mana ihu kamar mai tallan kifi? Au, babban yaya! Kai da ake nema ka kawo kanka?"

"Allah gafarta malam, kayan nan."

"Wane kaya? Cocin da ka kawo min a leda?"

"Ka ƙona?"

"Ka gode wa Hajiya. Wallahi ashana tana hannuna, ta ce ba za a ƙona abin da ba a gani ba a gidan da take da yara, in guba ce fa? Na warware. Na so in kira ka, auta ta jefa wayata a bokiti."

Muryar Hajiya ta fito daga ciki: "Ka tambaye shi, shi da aka ba amanar gida, shinkafar ma ya kawo mana mana, ta fi amfani!"

Malam ya yi dariya, sannan ya gyara murya. "Yaya, abin da ke jikin nan ni ban yarda da shi ba, kai ma ba ka yarda ba. Amma kayan mutum ne, kuma amana ta kai ka gidansa. Mayar masa, ka nemi afuwa."

"Ƙarfe huɗu za a tafi da shi asibiti."

"To me kake tsaye kana yi? Hajiya, miƙo gorar shanya."

Ya sa shi a robar tapau, irin wadda ake zuba abincin tafi-da-gidanka, ya ɗaure da igiyar shanya, ya rataya a bakin gora, ya turo gorar waje iyakar tsawonta don ta tsallake wayar. Robar ta fara saukowa tana lilo. Mutanen tagogi suna ba da shawara da harsuna huɗu. Igiyar ta ƙare saura kamu biyu, na yi tsalle na cafke. Aka tafa.

Tafin ne ya jawo soja. Ya zagayo, fuska a rufe, bindiga a kafaɗa. Ya ce ba a fitar da komai daga nan. Ya ce in buɗe.

A nan na fara ganinsa. Malam ya riga ya warware zaren, tsumman kawai ya lulluɓa.

Baƙin katako ne, gicciye, bai kai tafin hannuna ba. A jikinsa siffar mutum ta hauren giwa, ta koma ruwan zuma. Fuskar babu. Ba karyewa ta yi ba, shafewa ta yi. Hanci, ido, baki, duk sun tafi, sai santsi. Gwiwoyin ma haka. A ƙirjin akwai ɗan kwari daidai girman babban yatsa. Na san irin wannan cin. Na gan shi a dutsen bakin rijiyar ƙauyenmu, inda igiya ta yi shekaru tana bi. Amma rijiya kullum ake ja. Wannan ba a taɓa shi sai ran mutuwa. Na tsaya ina lissafin mutum nawa ne za su mutu da yatsa a wuri ɗaya kafin hauren giwa ya lotsa. Lissafin ya fi ƙarfina. Na ce Allahu akbar, a fili, ban san na faɗa ba.

Sojan ya dubi abin, ya dubi tabon sallar da ke goshina.

"Kai Musulmi ne?"

"Eh."

"Wannan fa?"

"Na maigidana ne. Tsoho ne. Yau za a kai shi asibiti, ba na jin zai dawo."

Ya daɗe yana kallon robar. Ya ciro 'yar kwalba ya fesa min maganin kashe ƙwayoyin cuta a hannu biyu, ya fesa a bayan robar, bai fesa a ciki ba. Ya ce in yi sauri. Bai tambayi takarda ba.

Ruwan la'asar na ƙasar nan ya tsuge ina rabin hanya. Na tura robar cikin riga, a ƙirji, na rungume, na yi ta gudu. Ni da shekaruna. Takalmi ɗaya ya tsinke na bar shi a nan. Na hau benenmu huɗu saura kwata, ruwa na zuba daga jikina. Babu mota a ƙasa tukuna.

Ankul yana nan yadda na bar shi, fuska a bango. Na goge hannuna, na ciro kuros ɗin daga tsumman, na sa masa a tafi. Bai duba ba. Babban yatsansa ya tafi da kansa ya zauna a kwarin nan, daidai, kamar don shi aka yi.

Ya fara addu'a da yaren mutanensa, tsohon Fotuganci da ko 'yarsa ba ta iya sosai ba. Na juya zan ba shi wuri.

"Tsaya, Ustaz. Dole a samu wani a tsaye. Ba sai ka ce amin ba."

Na tsaya. Ban ce amin ba. Ban kuma fita ba.

Da muka ji ƙarar mota a ƙasa, ya miƙo min.

"Naɗe. Mayar. Ka cika ta, cike irin tawa."

"Ba za ka tafi da shi ba?"

"Can leda za su jefa shi da kayana, ya ɓata. Ba nawa ba ne, ni ma ajiya aka ba ni. In yarinyar nan ta zo ka ba ta."

Na ce, "Ankul, ka yafe min."

"Ka jiƙa min tabarma," in ji shi. "Je ka canza riga."

Mutum biyu suka shigo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, suka ɗauke shi a kujera. Daga taga na ga an rufe motar. Kwana tara ya yi a can, ya rasu. An binne shi babu ni, babu 'yarsa.

'Yar ta ce in zauna a gidan har a buɗe iyaka. Na samo jan zare wajen matar maƙwabci, na naɗe kuros ɗin yadda na gan shi, na tura ƙasan randa. Na bi kantuna ina tara ƙananan ledoji har randa ta cika. Daga sama nake ci, in ta sauka kaɗan in ƙara. Ina salla a falo, randa tana kicin. Na tambayi malam ko da laifi, ya ce ajiya ce, ba bauta ba.

Kusan shekara biyu kafin ta samu zuwa. Ta san akwai abu a randa, amma ba ta san dalili ba. Ta bar gida da ƙuruciya, uban kuma yana jira sai ta dawo ya gaya mata. Don haka ni na zaunar da ita a kicin na ba ta labarin: jirgi, masallaci, ganuwa, kotun Indiya, mutanen Holand, daji, kakar da ba a san ta nawa ba. Ban rage na mutanenta ba, ban ƙara ba, yadda ya ba ni. Ta naɗe hannun riga ta zura hannu har kafaɗa. Da ta taɓa ƙunshin ta kasa fito da hannun, ta kifa kai a bakin randar tana kuka. Na fita baranda.

Ta sayar da gidan. Ta tafi da ƙunshin, randar kuma ta bi ta a jirgin ruwa.

Yanzu ina Kampung Baru, wata unguwa a birnin. Ina gasa nama a rumfar wani Bamalaye kusa da masallaci, ina kwana a ɗakin da ke bayan rumfar. Gwiwoyina sun fara ciwo. Ban koma gida ba tukuna.